Uwaisu Ya Riga Ruwa Isowa

Alhaji Hamidu dillalin shanu ne a zangon Agege. A shekarun da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, da wuya ka samu wanda ya fi shi sanin dabba daga nan har cikin Ikko. Ubansa soja ne da ya ajiye kaki ya zauna a nan, shi kuwa a nan aka haife shi, Yarabanci a bakinsa kamar Hausa. 'Ya'yansa maza duk sun bi shi zango, ban da na ukunsu, Uwaisu, wanda ya yi boko har babbar makarantar Yaba, ya fito ya kama aikin auna koguna.

Alhaji bai taɓa gane wannan aiki ba. Sau ɗaya ya gan shi yana yi, a wani rafi bayan Iju. Ya tarar da ɗansa tsaye cikin ruwa har ƙugu, riƙe da sandar ƙarfe mai 'yar farfela a ƙasa, ruwa na juya ta, shi kuma ya saƙala wani abu a kunne yana sauraro. Da ya fito ya yi wa uban bayani, wai kowane kogi yana da ƙasarsa, kuma duk ɗigon da ya faɗi a cikinta, ko kan dutse ko kan jinka, kogin nan zai nema. Alhaji ya gyaɗa kai saboda kara, amma hankalinsa na kan wani bijimi da ya baro yana ɗingishi.

Wata shekara, damina ta doshi ƙarewa, fatake suka sauke masa garke babba daga arewa. Shanun sun rame a hanya, sai ya sa Talle, babban makiyayinsa, ya kai su fadamar kogin Ogun wajen Isheri su murmure. An kwana biyu ba a yi ruwa ba a Agege, har mata sun fara shanya a tsakar gida ba fargaba.

Ran nan da hantsi Alhaji na zaune a zaure sai ga Uwaisu ya shigo, ba hula, taɓo har gwiwa. Daga jirgin ƙasan Abekuta ya sauka. Ya durƙusa ya gaida uban, bai ko jira an kawo masa ruwa ba ya ce, "Baba, a kwashe shanun nan daga fadama yau. Kogi zai hau ta."

Alhaji ya leƙa waje. Sama tas, ko gajimare babu. Ya ce, "Da wane ruwan?"

"Ba a nan aka yi shi ba. Can sama aka yi, wajen Shaki da Iseyin, kwana da kwanaki ana zubawa. Jiya na ga ƙafarsa ta iso Abekuta. Katakon awon da na kafa a bakin gada, ruwa ya haye inda ban taɓa ganin ya kai ba."

"To in ya iso Abekuta tun jiya, me ya hana shi zuwa nan?"

"Yana tafe, Baba. Shekara da shekaru ina bin irin wannan cikowa daga gari zuwa gari, na san tafiyarta. Kogi yana lanƙwasa, yana tsayawa ya cika kowane kwari kafin ya wuce. Jirgi ya fi shi sauri, shi ke nan. Gobe kafin azahar zai same ku."

Alhaji bai fahimci rabin maganar ba. Abin da ya sani shi ne, tun da yaron nan ya girma bai taɓa ce masa yi kaza ba sai yau. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

A fadama Talle bai ji daɗi ba. Ya ce, "Alhaji, dubi ciyawar nan. Yanzu suka fara cika ciki. A tudu me za su ci?"

Alhaji ya ce, "Su ci abin da suka samu. Kora."

Aka kora shanu zuwa tudu suna waiwaye. Uwaisu kuwa ya bi bukkokin masunta da masu gonakin kuɓewa yana faɗa musu da Yarabanci. Wasu suka ja kwalekwalensu sama, wasu suka yi masa dariya cikin ladabi.

Washegari gari ya waye fes. Kogi na nan yadda yake jiya, shiru, yana tafiya kamar mai jin barci. Alhaji ya zauna a gindin wata bishiya a bakin tudu, ya ƙi kallon Talle. Kunya ta fara kama shi, ba don kansa ba, don yaron. Uwaisu dai ya sauka ya soka kara a daidai bakin ruwa, ya dawo ya zauna kusa da uban.

Rana ta ɗaga sosai. Abin da Alhaji ya fara lura da shi shi ne launi. Wani jan zare ya ɓullo a tsakiyar kogin, ya yi ta faɗi har ruwan duka ya zama kamar kunun kanwa. Ya duba inda aka soka kara, ya ga karan yana tsakiyar ruwa yana rawa. Ba ƙara, ba iska, ba tsawa. Ruwa ya shigo cikin ciyawa a hankali, yana cika sawun kofaton shanu ɗaya bayan ɗaya. Tururuwa suka yi ta hawa kan tsirrai, balbelu suka tashi gaba ɗaya. Kafin a jima inda garke ya kwana shekaranjiya ya zama tafki, rana na ƙyalli a kansa, kuma bai daina hawa ba.

Alhaji ya sauka har bakin ruwan. Ganyaye na wucewa da guntayen itace. Ya sunkuya ya tsamo wani reshe, ya juya shi a hannu. Kaɗanya ce. Rabonsa da ganin ganyenta tun yana saurayi, lokacin da yake bin shanu da ƙafa ta hanyar Shaki, don ba ta fitowa a wannan ƙasa ta goro da kwakwa. Hadarin da bai gani ba, a garin da ya manta kamanninsa, ga shi ya biyo dare da rana ya zo har gabansa. Ya ce a hankali, "Tsarki ya tabbata ga Allah."

Talle na bayansa, ya cire malafa ya riƙe a ƙirji. Ko saniya ɗaya ba a rasa ba.

A hanyar komawa Alhaji ya yi ta tambaya kamar ɗalibi. Ya ce, "Na ji na damina. To da rani fa, da ba a ruwa ko'ina, me ke tafiya a cikin kogin?"

Uwaisu ya ce, "Shi ma ruwan sama ne, Baba. Ƙasa ce ta sha ta ajiye, tana sakinsa kaɗan-kaɗan. Inda akwai kurmi ta fi riƙewa. Inda aka sare, sai ya gudu rana ɗaya ya tafi da jar ƙasa. Abin da nake son in gane ke nan, nawa take riƙewa, kuma har yaushe."

A kan wannan tambaya Uwaisu ya ƙare ƙuruciyarsa. Daga Ogun aka tura shi wasu kogunan, har Kaduna da Binuwai, kuma ya horar da mutane da yawa. Amma kafin ya bar Ikko, uban ya roƙe shi abu ɗaya, ya kai shi inda kogin ya faro.

Da rani suka tafi, jirgi ya kai su iyakar inda zai iya, suka hau babbar mota, sauran kuma da ƙafa, tsoho na dogara sanda. Can cikin duwatsu Uwaisu ya tsaya a wani wuri mai inuwa, inda ƙasa ta yi danshi, ruwa na tsattsafowa daga ƙarƙashin wani falalen dutse, bai kai kaurin yatsa ba. Ya ce, "Ɗaya daga cikin kawunansa ke nan."

Alhaji ya jingine sandarsa. La'asar ta yi. Ya tsuguna ya tara butarsa a bakin dutsen, ya jira har ta cika.