Gidan da Kafinta Ya Gyara

Dillali na shafa kabad ɗin bango yana gyaɗa kai, matar kafinta na biye da shi da tsintsiya, tana share inda ta riga ta share.

"Uwargida, wannan aikin waye?"

"Na baban yara ne," ta ce, har da gyara tsayuwa. Da bakin ya tsaya nan da an huta. Ina! Sai da ta nuna masa silin da ya canja, da tagogin da ya saita, da kantar kicin. Mijin nata haka yake, ba ya iya wuce ƙusa a karkace. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, sai ya girgiza kujera kafin ya zauna.

Dillali ya ɗauki hotuna da waya. Sai a bakin ƙofa, yana sa takalmi, ya sauke abin da ya kawo shi. Hayar shekara ta ƙare, mai gidan ba zai sabunta ba. Daga yanzu wata-wata ne, da ƙari a kai. Kuma zai riƙa kawo masu dubawa, wanda ya fi su tayi shi ke da gida.

"Ƙarin me, Malam? Ko ƙwan fitila mutumin nan bai taɓa saya ba!"

"Ai gidan ya wuce yadda kuka same shi. Ke da kanki kika zaga da ni."

Ranar nan, zama bai kama ta ba. Ta ɗora tukunya ta manta kunna wuta. Ta jawo kwali ta zuba kwanuka, ta sake kwashe su. Ga autarsu a ajin ƙarshe, makarantar nan bayan layi. In aka tashe su tsakiyar zango, ina za a kai yarinya?

Da yamma kafinta ya shigo, garin katako har a gira. Ya ji labari, ya sosa ƙeya.

"To in ciccire abina?"

"Ka cire, a ce mun lalata gida, a kore mu da hujja?"

Suna cikin haka auta ta fito daga banɗaki da mariƙin ƙofa a hannu.

"Baba, kawai na ja ne fa, ya biyo ni."

Kafin ta rufe baki sukudireba ta fito daga aljihunsa. Matar ta kama hannun.

"Baban yara, zauna."

"Yanzu-yanzu zan gama."

"Na sani. Shi ya sa na ce ka zauna."

Ta zare sukudirebar ta jefa a jakarta. Ya zauna, ido a kan ƙofa, kamar wanda aka hana susa.

Matar ta karɓi mariƙin, ta mayar da shi a karkace yana lilo.

"Auta, in dillali ya kawo baƙi, ta nan za ki fara nuna musu."