Kilo Goma Sha Biyar na Erueti

Shekara arba'in da ɗoriya Erueti yana shiga tsaunukan Ruahine farautar barewa, kuma a duk shekarun nan magana ɗaya yake damun mutanen garinsu Taihape da ita: wanda ya harba, shi ke ɗauka. Ya faɗa a gidan mai, ya faɗa a wurin biki, ya faɗa wa masu hayar jirgi mai saukar ungulu ya kwaso musu nama, a gaban idonsu, ba tare da kowa ya nemi ra'ayinsa ba. Bai tsaya nan ba sai da ya ɗora rantsuwa a kai. Ya ce ranar da wani ya ɗaukar masa naman da ya harba, ranar zai rataye bindiga, ba zai ƙara taka dutse ba. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida, don rabin naman da yake kawowa gidajen tsofaffi yake tafiya. Taurin kai ne dai Allah ya ba shi har da na kyauta.

Sai ga shi bara an cire masa gwiwar dama an sa ta ƙarfe. Likita ya ce yana iya komawa dutse, amma kada abin da zai goya ya wuce kilo goma sha biyar. Da shi kaɗai ya ji maganar, da kafin ya iso gida ta zama ashirin da biyar. To 'yarsa Kahu ce ta kai shi asibiti, tana zaune a wurin. Kahu direbar babbar motar katako ce, shekarunta talatin da takwas, kuma aikinta ya koya mata cewa sikeli ba ya jin lallashi.

Da watan Afrilu ya kama, sanyi ya fara saukowa kamar yadda yake yi a can kudancin duniya, mazajen barewa suka fara ruri a kwazazzabai, sai Kahu ta zo gida da yamma ta tarar ya haɗa jakarsa ya jingine a bakin ƙofa. Ta rataya ta a sikelin ƙugiya.

"Baba, kilo ashirin da bakwai. Ƙaura za ka yi?"

"Abin da nake ɗauka ke nan tun kafin a haife ki."

"Gwiwar da ta ɗauka ai tana can asibiti an zubar."

Ta zazzage jakar a tsakar ɗaki. Ga tukunyar ƙarfe mai murfi, ga gatari, ga wuƙaƙe uku, ga dankali rabin buhu, ga gwangwanayen nama, ga tsohuwar rigar ruwa wadda ita kanta shan ruwan take yi. Matarsa Ripeka ta leƙo daga kicin ta ce dama gwangwanin 'ya'yan itacen da take nema tun Kirsimeti a nan yake. Erueti ya sha mur, ya kare kowane abu kamar ɗansa na cikinsa. Kahu ba ta yi musu ba. Ta ɗauko ɗan sikelin da uwarta take auna fulawa, ta ajiye masa a kan tebur da takarda da fensir, ta ce ya auna komai da kansa, za ta dawo ranar Alhamis.

Nan ta yi kuskure, domin ba ta lissafa cewa mai taurin kai in ya tuba ya fi kowa tsanani ba. Kwana biyu ya yi yana gunaguni, a na uku abin ya shige shi. Ya gano cokalin roba ya fi na ƙarfe sauƙi da giram talatin, ya ji daɗi kamar ya yi tsintuwa. Ya sare mariƙin burushin haƙori. Ya ciccire takardun wuyan riguna. Ya yage taswira ya bar kwarin da za su kawai. Harsashi ya ɗauki uku, ya ce mai buƙatar na huɗu gara ya zauna a gida. Har agogon hannunsa ya ɗora a sikeli, ya kalle shi da zargi. Ripeka ta ce tun da suka yi aure bai taɓa kula da nauyin komai ba, har nasa.

Ranar Laraba ya juyo kan jakar kanta. Ya ga igiyoyi suna reto ta kowane gefe, ya bi su da almakashi. Daga nan idonsa ya faɗa kan ɗamarar ƙugu, mai faɗi, mai kauri, cike da soso. Ya yi tunanin jakar da ta koma kamar filo me za ta yi da ɗamara. Ya yanke ta, ya auna, giram ɗari uku da arba'in. Ya rubuta a takarda ya ja layi biyu a ƙasa.

Da Kahu ta zo ta rataya jakar, sikeli ya nuna kilo tara da ɗan ɗori. Ta yaba, ta rungume shi, ba ta juya jakar ta duba bayanta ba. Shi kuwa bakinsa har kunne.

Tafiyar shiga awa shida ce daga inda suka bar mota zuwa bukkar mafarauta, kuma Erueti ya yi ta kamar saurayi. Yana gaba yana fito, yana juyowa.

"'Yar nan, in tsaya miki ne? Na ga kamar kina haki."

"Tafi abinka, Baba."

"Me kika cusa a jakar nan haka? Ai da kin kawo na duba miki. Yaran yanzu ba ku san auna kaya ba."

"Sati ɗaya ke nan da ka san sikeli."

"Mai basira ai sati ɗaya ya ishe shi."

A bukka suka zuba ruwan zafi a busasshen abinci na leda. Ya ɗanɗana ya ce dusar kaji ce aka sa wa gishiri, amma ya cinye tas, don ya auna ta ya san ba ta da nauyi.

Washegari da sassafe suka bi bayan tsauni. Wani namijin barewa yana ta ruri can nesa, Kahu ta ɗaga gira, uban ya girgiza kai. Shi ba mai neman ƙaho ba ne, ya sha faɗa cewa bai taɓa ganin wanda ya ƙoshi da shi ba. Suka yi ta tafiya a hankali. Can sai ya tsaya cak, ya dafa hannunta, ya nuna mata ƙasa da haɓa. Ta duba ta duba ba ta ga komai ba sai ciyawa da duwatsu. Sai da kunne ya motsa sannan ta gan ta, barewa ce mace mai ƙiba, tana kiwo a inda ƙasa ta taɓa zaftarewa, can ƙasan kwari. Ya kwanta, ya ɗora bindiga a kan jaka, ya jira har ta juyo gefe. Harsashi ɗaya ya isa.

Suka gangara, suka feɗe, suka zare ƙashi, suka zuba naman a tsofaffin rigunan filo don ƙuda. Kahu ta zaro sikelin ƙugiyar daga aljihu. Kilo arba'in da ɗaya.

"Sawu uku ke nan," in ji Erueti. "Sha huɗu, sha huɗu, sha uku. Likita bai hana sawu uku ba."

"Zuwa bukka. Daga bukka zuwa mota fa?"

"In mun je can ma gani."

"Baba, jakata ba komai a ciki. Bar ni in..."

"Wa ya harba?"

Kahu ta san idan ta matsa zai ce sai ya ɗauka duka a sawu ɗaya, don haka ta rataye sauran naman a reshe cikin inuwa, ta karɓi bindigar.

Da ya saɓa jakar ne ya gane abin da ya yi. Duk lissafin da ya kwana biyar yana yi na shiga ne, bai yi na fita ba, shi da ya fi kowa sanin cewa mafarauci da nauyi yake komowa. Nama ba kamar bargo ba ne. Ya taru a gindin jaka ya yi dunƙule, ba igiyar da za a ɗaure shi ya tsaya, duk taku sai ya yi lilo ya ja shi gefe. Nauyin da ya kamata ya zauna a ƙugu ya koma kafaɗa gaba ɗaya, madaurin yana yankarsa kamar waya.

"Baba, ina ɗamarar jakar nan?"

"Giram ɗari uku da arba'in ce."

"To yanzu kilo nawa take maka?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ita kuma ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta bi bayansa.

Hawan da ya saba yi cikin awa ɗaya ya ci masa biyu da rabi. Amma abin mamaki, wuraren da ya fi jin tsoro, inda ake kama saiwa da hannu a ja jiki, nan ne jakar ta fi yi masa sauƙi. Ya ce a ransa ashe dai da sauran ƙarfi a jikin tsoho. A bukka ya sauke, ya sha ruwa, ya ƙi zama don kada gwiwa ta sandare. Gangarowa ta fi hawa azaba, bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba.

A sawu na biyu rana ta take. Sun kai rabin hawa, a wani wuri mai santsi, ƙafarsa ta zame. Bai faɗi ba. Kafin ma ya ankara an riƙe shi ta baya, an tsayar da shi daram. Saurin ya yi yawa. Wanda yake taku uku a bayanka ba ya tare ka haka. Ya juyo a hankali.

Hannayen rigar Kahu sun jiƙe da jini har gwiwar hannu. A wurin fiɗa ya ga ta wanke hannu a rafi, ta sauke hannun riga fes. Ya kalli hannayen, ya shafa gindin jakarsa, ya ji yana ɗiga.

"Tun yaushe?"

"Baba..."

"Na ce tun yaushe kike tallafe ta?"

"Tun sawun farko. A wuraren hawa kawai."

Ya sauke jakar ya zauna a kan wani kututture. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Yana gaba yana yabon kansa, ashe 'yarsa tana baya a sunkuye, bindiga a kafaɗa, hannu biyu a ƙarƙashin kayansa, tana hawa dutse ba abin dafawa. Da ta zame, ba mai tare ta. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, ya fi rantsuwar.

"Shi ke nan," ya ce. "An ɗaukar mini. Na gama."

Kahu ta zauna kusa da shi tana goge hannu da ganye.

"Wa ya ji rantsuwar nan?"

"Duk Taihape."

"To duk Taihape su zo su ɗauka mana, ga nama can a reshe. Baba, barewar nan ni ban gan ta ba. Ka nuna mini ma ban gan ta ba. Shekara ashirin ina binka, har yau kunnen nan sai ka nuna. Bayana lafiya lau yake, idona ne bai kai naka ba. In ka rataye bindiga ni ma na rataye jaka, sai tsofaffin naka su koma cin tsiran kanti."

Erueti ya daɗe yana kallon kwarin da ya san kowane lungunsa fiye da ɗakin kwanansa, yana jin yadda zai kasance a ce wannan ne ganin ƙarshe. Sannan ya buɗe jakar, ya ciro rigar filon da hannu biyu, ya miƙa mata.

"Ɗaura shi sama, kusa da baya. Kada ki bar shi ya zauna a gindi."

"Na ji, malam."

Ta koma ta kwaso na reshen, ta haɗa duka, ta ja igiyoyi, ta wuce gaba. Shi ya biyo da bindiga da sanda, yana ba ta umarnin inda za ta taka, tana cewa to, tana taka inda ta ga dama.

Da la'asar suna zaune a bakin bukka, hanta tana soyuwa, shayi yana tururi. A kan taga akwai littafin da duk wanda ya kwana yake rubuta sunansa da abin da ya yi, don in an nemi mutum a san inda ya nufa. Duk mafaraucin da ke yankin sai ya buɗe shi, kuma ba shafinsa kaɗai yake karantawa ba. Erueti ya san haka sarai. Rabin waɗanda ya yi wa gori a nan za su kwana kafin wata ya ƙare.

Ya ɗauko littafin ya ɗora a gwiwar ƙarfen. Kahu ta ce ya rubuta sunayensu kawai, ba wanda ya tambaye shi sauran. Ya lashi bakin fensir, ya yi rubutu a hankali da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta, sannan ya juya mata shafin.

"Erueti da 'yarsa Kahu. Mace ɗaya, harsashi ɗaya. Ni na harba, ita ta ɗauka. Sai baɗi."