Shekarun Baba na Gaskiya

Ƙullutun da aka ciro daga cinyar Baba ya kai girman dunƙulen hannu. Likitar ta ce wani irin ciwon daji ne na tsoka da ba a cika gani ba. Baba magini ne, ba ya son kwana-kwana, sai ya tambaye ta kai tsaye, "Zai dawo ko ba zai dawo ba?"

Ta juyo mana da fuskar kwamfutarta. Ta saka girman ƙullutun da irinsa, sannan shekarun Baba, hamsin da takwas, yadda katinsa ya nuna. Kafin ƙiftawar ido sai ga amsa: cikin mutum ɗari irinsa, saba'in da ɗaya sun shekara biyar bai dawo musu ba.

"Na'urar nan gaibu ta sani?" in ji Baba.

"Gaibu sai Allah, Baba," in ji likitar. "Mutane ne a ciki, wajen dubu biyu daga ko'ina a duniya, duk masu ciwonka. Kowa ya yarda aka rubuta labarinsa, wanda ya warke da wanda ya rasu. Su ne suka ba ka amsar nan. In ka yarda, kai ma mu saka ka."

Wata huɗu muna ganin mu kaɗai abin ya faɗa wa, ashe ɗan ɗakin nan cike yake da mutanen da ba mu taɓa gani ba. Baba kuwa ya ƙura wa allon ido.

Can ya gyara murya. "Likita, gyara shekarun nan. Sittin da bakwai ne. Na zaftare tara saboda 'yan kwangila, ba sa ɗaukar tsoho aiki."

Ni 'yar cikinsa ban taɓa sani ba! Likitar ta gyara. Saba'in da ɗaya ta koma sittin da biyu a kan idona.

"Haba Baba, da ka bari mana," na ce, hawaye na zubo min.

"In bari? Mutanen nan ba su yi min ƙarya ba." Ya miƙa hannu ya karɓi biro don ya sa hannu a takardar yarda a saka shi. "Wani zai zauna a kujerar nan bayana. Ko na warke ko na tafi, a rubuta ni daidai."