Sifana Mai Lamba Sha Ɗaya

Shekara bakwai muna fama da jirgin nan don Usta Ergash ya ji kukan injinsa, ranar da za a tayar kuma shi da bakinsa ya hana. Har yau in na tuna sai kaina ya ɗau zafi.

Jirgin sama ne, tsohon Il-14 mai farfela biyu. Da ya gama ɗaukar fasinja aka ja shi gefen tsohon filin jirgi na bayan garinmu, ya yi ɗakin majigin yara, ya yi shagon shayi, daga ƙarshe ya koma gidan tattabaru. Mu da muka ɗauki gyaransa da farko mun kai ashirin. Da aka ga kashin tattabaru buhu-buhu, aka watse, muka rage mu huɗu. Ni Sanobar, da na yi shekara talatin ina buga ƙusoshin fiffike a masana'anta. Arkadi, tsohon matuƙi, wanda surutunsa ya fi aikinsa. Tolib, likitan haƙori ne, bai taɓa aikin jirgi ba, son abin kawai yake. Sai Usta, makaniken inji, shekara saba'in da tara. Ba mai biyan mu, ba mai gode mana. Kowace Asabar muna can.

Usta yana da wani allo a rumfar aiki. Kowace sifana, kowace filaya, ya zana inuwarta da jan fenti a inda ake rataye ta. Dokarsa ɗaya ce: ba a tashi aiki, ba a shan shayi, ba a taɓa inji, sai kowace inuwa ta rufu. Ya taɓa sa Tolib tonon shara cikin ruwan sama saboda sukundireba guda, mutumin da marasa lafiya ke jira a layi.

To a bana 'yarsa Muhayyo ta zo daga Nukus ta ce tafiya za ta yi da shi. Matarsa ta rasu, ya faɗi sau biyu a gida ba kowa, ba za ta ƙara barin sa shi kaɗai ba. Ta yanki tikitin jirgin ƙasa na ranar Lahadi. Nukus kuwa can ƙarshen ƙasa, ba wurin da tsoho zai riƙa zuwa yana dawowa ba ne. Sai muka ce ko ta halin ƙaƙa injin hagu zai tashi ranar Asabar, ya ji da kunnensa kafin ya tafi. Mako uku muka yi kullum muna can, gwiwoyina har suka daina lanƙwasuwa. Arkadi ya yi ta bin tsofaffin abokansa har ya samo man da zai isa minti goma.

Asabar da hantsi wuri ya cika. Tsofaffin ma'aikatan filin sun zo da lambobin yabo a ƙirji. Tolib ya ɗora ƙaton kasko na palov, dafa-dukan shinkafarmu, tun da safe, ƙamshin nama da karas ya game ko'ina. Arkadi ya sa tsohuwar rigar aikinsa, maɓalli uku sun ƙi haɗuwa a kan tumbi, amma yana ta taƙama. Muka juya farfela da hannu yadda ake yi, aka ajiye tukunyar kashe gobara, Arkadi ya hau ya zauna a kujerarsa ya leƙo ta taga. Ba abin da ya rage sai Usta ya ɗaga hannu.

Sai ya ce bari ya duba allo. Ya shiga rumfa, ya jima, ya fito fuska a murtuke.

"Sha ɗaya ba ta nan."

Na ce, "Wace sha ɗaya kuma, Usta?"

"Sifana. Inuwarta a buɗe take. Arkadi, sauko."

Arkadi ya ce daga taga, "Haba Ergash! Jirgin nan tashi zai yi? Ko taya ba zai motsa ba. Minti goma ne fa, mu ji, mu yi tafi, mu ci shinkafa."

"Inji bai san ba tashi zai yi ba. Sauko."

Aka shiga nema. Muka zazzage akwatunan aiki, muka duba ƙarƙashin benci, cikin ciyawa, cikin bokitin wanke hannu. Tsofaffi masu lambobin yabo suka duƙa suna laluben ƙasa da sanduna. Har aljihun gaban rigar girkin Tolib sai da Usta ya sa aka juye.

Tolib ya ce, "Usta, in a cikin palov take, wanda ya tauna ya zo in gyara masa haƙori kyauta."

Kowa ya yi dariya ban da shi.

Ni dai na cika na batse. Awa guda ta wuce, rana ta take, baƙi sun fara duba agogo. Na tuna akwai sha ɗaya a bayan motata. Na zagaya a hankali na ɗauko, na goga mata baƙin mai, na rataye a kan inuwar, na ɗaga murya. "Ga ta nan! Ashe faɗuwa ta yi bayan allo."

Usta ya zo ya tsaya. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Sanobar, tawa tana da tsaga biyu a gindi, ni na yi su da zarto kafin a haifi Muhayyo. Wannan ta motarki ce. Ki mayar, kada tayarki ta kwance a hanya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunyar ce ta ƙara tunzura ni.

"Don wa muke wannan wahalar? Don ku fa! Gobe war haka kuna cikin jirgin ƙasa. Mako uku ban ga jikokina ba, bayana kamar an daka, yanzu ku tsaya kuna mana taurin kai a kan ƙarfen da bai kai cokali ba?"

Muhayyo ta kama hannunsa. "Baba, don Allah. Mutane sun taru saboda ku."

Ya zare hannunsa. "A buɗe murfin inji."

Murfin da muka yi rabin yini muna rufewa! Na ɗauko tsani ina ƙunƙuni, na hau, Tolib yana karɓar murafen ɗaya bayan ɗaya. Da yake hannuna ne mafi siriri, ni na riƙa zura shi tsakanin tukwanen injin. A can baya, ƙarƙashin bututun mai, yatsana ya taɓa wani abu da ya motsa. Na jawo. Tsaga biyu a gindi. Tana kwance ne daidai inda girgizar inji za ta sa ta yi ta dukan bututun, ga mai, ga zafi.

Na san wanda ya yi aiki a wurin. Ranar Alhamis Usta ya hau shi kaɗai ya ɗaure bututun, ya ma kore mu wai muna tsare masa haske.

Na sauko na ce, "Ni ce. Jiya na hau share mai, na manta ta. Ku yi haƙuri, Usta. Tunda an gani, a rufe a tayar."

Ya karɓa ya juya ta a tafin hannunsa.

"Yau ƙaryarki biyu ke nan, kuma duk ba ki iya ba. Me mai share mai za ta yi da sifana? Ni na bar ta."

Na ce, "To an gano ai! Shi ke nan!"

"Ba shi ke nan ba." Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na matso. "Shekara hamsin ban taɓa barin ƙarfe a cikin inji ba. Ba barin ne ya dame ni ba. Tun ɗazu nake ƙoƙarin in tuna lokacin da na ajiye ta, na kasa. Ranar Alhamis na tsaya gaban allon nan na duba, jiya ma na duba, ban ga inuwar a buɗe ba. To me kuma na yi da ban sani ba? Duk notin da na ɗaure cikin mako ukun nan, wani hannu zai sake bin sa. Ba nawa ba."

Arkadi, da ya sauko tuni, ya ce, "Ergash, wannan aikin kwana huɗu ne."

"Biyar, in kai za ka yi."

"Gobe za ka tafi!"

"Na sani."

Ba irin roƙon da ba mu yi ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce masa tsoho mai kan dutse a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba. Muhayyo ta ce tikitin ba ya ɗaguwa, ranar Talata take komawa aiki. Arkadi ya ce shi zai ɗau alhakin komai. Usta ya ce wanda zai zauna kusa da injin in ya kama wuta ba shi da bakin ɗaukar alhaki. Ya je ya rataye sifanar a inuwarta, ya wanke hannu, ya ce wa baƙi su zo a ci abinci. Palov ɗin ya yi daɗi, aka ce. Ni ko loma ban ci ba don haushi da tausayi.

Ranar Lahadi muka raka shi tasha. Bai yi maganar jirgi ba, sai da zai hau ya ce wa Tolib ya riƙa rufe gwangwanin girisi.

Kwana biyar muka yi muna bin aikinsa, noti bayan noti, waya bayan waya. Ko ɗaya ba mu samu a kwance ba. Ko ɗaya! Komai daram, ya fi wanda za mu yi da hannunmu. Da Arkadi ya duba na ƙarshe sai na jefar da tsumman hannuna na zauna a kan taya na yi ta zagin iska.

Asabar ta zagayo, ba baƙi, ba palov, mu uku kawai. Na kira Usta a ƙaramar wayarsa mai maɓallai. Ya riga ya gaya mana ba ya son a naɗa a aika masa daga baya, yana so ya ji a lokacin da ake yi.

"Usta, kuna ji na? Arkadi zai tayar."

"Ina ji."

Farfela ta juya a hankali, ta juya, injin ya yi tari sau biyu, ya tofar da farin hayaƙi har ya rufe fiffike, sannan ya kama. Ƙasa ta ɗau rawa a ƙarƙashin ƙafata. Tolib yana tsalle da tukunyar kashe gobara a hannu. Na ɗaga wayar sama na miƙa ta wajen injin, hawaye yana zubo mini, na bar ta can kusan minti guda, sannan na ruga bayan rumfa na toshe kunne ɗaya.

"Kun ji? Usta, kun ji shi?"

"Ban ji komai ba. Shuu kawai, sai shiru. Ya tashi ne?"

Ashe wayoyin nan na zamani yanke ƙara suke yi, murya kawai suke bari. Na koma na sake gwadawa, na matsa har iskar farfela ta fizge mini ɗankwali. Ya ce har yanzu shiru yake ji. Mai kuma yana ta ƙonewa.

"Sanobar," ya ce, "yaya kukan yake?"

"Yaya zan gaya muku kukan inji? Da kun bari an tayar ranar nan da kun ji da kanku!"

"Ki yi mini."

Na duba hagu da dama. Mace mai shekara sittin da uku, mai jikoki biyar, tsaye bayan rumfa ba ɗankwali. Na kai wayar bakina na yi masa tarin farko, na yi na biyu, na yi yadda ya kama, na ja gurnanin da dukan ƙirjina har maƙogwarona ya yi zafi. Na tsaya ina haki.

Sai na ji ya ja hanci.

"Sake yi," ya ce.