Na'urar Duba Mata a Kabad ɗin Maccido

Tun da aka kai Mairo yaye ɗakin kakarta ba a dawo da ita ba, ga shi har an cire albasa an dasa shinkafa. Uwarta Habi ta san dalili, duk ƙauyen Kwargaba ma an sani. Ta daɗe tana fama da ciwon mara da ƙaiƙayi da ɗigon jini ba lokacinsa ba. Mai kemis ɗin bakin kasuwa ya ce ciwon sanyi ne, irin wanda ake ɗauka wurin kwanciya, kuma da ƙarfi ya faɗa, a gaban masu sayen maganin zazzaɓi. Mijinta Halliru kuwa yana kudu cin rani tun kafin ciwon ya tsananta. Uwar mijin, wadda kowa ke kira Kaka, ta haɗa wannan da wancan, ta shiga gaya wa mata cewa jikarta ba za ta tashi a ɗakin da ba a san mai shigarsa ba.

Abin da ya fi ci wa Habi rai shi ne Mairo 'yar fari ce. Ko sunanta ba ta isa ta kama a cikin mutane ba, balle ta je ta ce a ba ta abarta. Sai dai ta jiyo kukanta ta bayan katanga, ta ci gaba da daka kamar ba ta ji ba, taɓarya na neman fasa turmi.

Sista Monica, ungozomar ƙaramin asibitin yankin, 'yar Zuru ce da ta daɗe a ƙasar Wurno. Ita ta fara cewa ba ta yarda da maganar mai kemis ba. Ta tambayi Habi inda take wanki, ta ce a kanal, inda ruwan dam ke bi zuwa gonaki. Monica ta ce to tana zargin tsargiya. Mutane sun ɗauka fitsarin jinin yara maza ne kawai, alhali ƙwan tsutsar kan maƙale a bakin mahaifar mace ya yi ta cinta. Ta ce za ta iya ba ta magani ko ba a duba ba. Habi ta ce magani jiki zai warkar, ba zai rufe bakin Kaka ba. Ita abin da ido zai gani take so.

Nan Monica ta yi ƙasa da murya. Akwai na'ura, in ji ta, kamar tocila mai ido, ana haɗa ta da waya ta nuno bakin mahaifa ƙato a fili, har a ɗauki hoto. Tun kafin azumi aka kawo ta. Amma da aka ce a turo mutum ɗaya Sakkwato ya koyi aiki da ita, sai shugaban asibitin, Malam Maccido, ya tura kansa. Dokar masu na'urar kuma wanda ya koya shi kaɗai zai taɓa. Ba macen da ta yarda ta kwanta masa. Na'urar tana nan cikin kabad, sai in baƙi sun zo ya fito da ita ya goge.

Ranar da mata ke zuwa awon ciki Habi ta roƙi Kaka ta raka ta asibiti, tunda mai gidan ba ya nan. Kaka ta yarda da sauri, don tana son ta ji da kunnenta abin da ta riga ta yanke. Ta zo goye da Mairo. Habi ba ta ko kalli wajen goyon ba, ta ratsa matan da suka cika baranda ta tsaya a ƙofar ofis, ba ta zauna ba.

"Malam, ina kwana. Mi anka kawo na'urar ga ta yi?"

Maccido ya ɗago daga rubutu ya ce duba mata.

"Mata nawa ta duba?"

Ya gyara hula, ya fara bayani a kan rashin wayewar mutanen karkara, da yadda asibiti ba wurin kunya ba ne, da yadda shi ma'aikaci ne da ya sha rantsuwa. Habi ta bari ya kai aya.

"Da anka ce a aiko mai duba mata, kai ne macen asibitin ga?"

Wata mai tsohon ciki a baranda ta fashe da dariya har tana riƙe ƙugu. Maccido ya ce ta iya bakinta, nan ba kasuwa ba ce.

"A kasuwa anka ɓata ni, Malam. Ana kallona mazinaciya, an raba ni da goyona, abin da za shi wanke ni yana bayanka cikin kabad kana goge mai ƙura. Ba ni kwanta maka, kuma ba ni tafiya. Sista ta shiga da ni, kai ka tsaya bayan ƙyaure ka gaya mata abin da za ta danna."

Ya ce doka ba ta ba da haka ba, in na'ura ta lalace shi za a kama. Habi ta cire takalmanta ta zauna a kan dokin ƙofar, ta ce to kowace mace ta zo awo sai ta tsallake ta, kuma sai ta ba ta labarin kabad. Matan suka fara gunaguni, wata ta ce ƙanwarta ma ciwon ke nan, wata ta ce ita ma. Maccido ya dubi barandar, ya dubi Monica da ta harɗe hannuwa, ya laluba aljihu ya ciro mabuɗi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Monica ta saba da ƙarfen buɗa gaba, amma na'urar baƙuwa ce a hannunta. Hoto ya yi ta fitowa dishi-dishi. Maccido na waje ya juya wa ƙyaure baya, yana ɗaga murya: ta matso da ita kaɗan, ta juya zoben gaban. Habi na kwance tana kallon silin, ƙarfen da sanyi, haƙoranta a cije. Ba zafin ne ya dame ta ba. Tunani take, ashe abin da bai kai lokacin dafa shayi ba shi aka hana ta duk watannin nan.

Da hoto ya fito, Monica ta tambaye ta ko ta yarda Maccido ya gani. Ta ce a nuna masa, tsoka ce, ba ta da fuska. Ya karɓi wayar ta tsagar ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka. Ya ce ga su nan, ɗigo-ɗigo rawaya kamar an watsa yashi, daidai yadda aka nuna musu. Tsargiya ce, daga ruwa ake ɗaukarta, ba daga namiji ba.

Habi ta ɗaura zanenta ta fito, ta ce a maimaita wa Kaka, a gaban kowa. Aka maimaita. Aka nuna wa Kaka hoton, ta kalle shi a kaikaice. Monica ta ƙara da cewa duk mai shiga kanal tana iya ɗauka, kowace ce ita.

"To, Allah shi sawwaƙe," in ji Kaka. "Ni dai ban ce komi ba."

"Inna, ke kika ce in riƙa kai wanki kanal, ruwan rijiya na sha ne."

Kaka ta ce ba a nan za a yi wannan magana ba, a bari Halliru ya dawo a zauna.

"Shi dawo lafiya. Sauke mani ita."

Kaka ta duba ko akwai mai tsawata wa suruka mara kunya, ba ta samu ba. Ta kwance majanyi a hankali.

Mairo ta ƙi zuwa. Ta ƙanƙame wuyan kakarta tana tsala ihu, tana kallon uwarta kamar baƙuwa. Wannan ya soki Habi fiye da duk abin da aka faɗa a kanta. Ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta saɓa ta a baya, ta ja zane ta ɗaure tamau. Monica ta biyo ta da ƙwayoyin magani, tana cewa sai ta ci abinci kafin ta sha, kuma ta dawo a sake dubawa. Ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafi.

A ƙofar ɗakin dubawa mata uku sun riga sun yi layi, Maccido na tsaye fuskarsa a bango. Habi ta wuce shi ba sallama, ta nufi inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, yarinyar na dukan bayanta tana kiran Kaka.