Jakin da Kalla Ya Bi

A bazarar 1996, shekara biyu bayan ya aje aikin koyarwa, Mushe Alhusaini, kamar yadda ake kiran malaman boko, ya sauka a garinsu Tabotaki da kaye uku, littattafan rubutu, cikin jakarsa. Labari ne ya rubuta, na ɗan maƙeri da aka kai lakwal, makarantar boko, a madadin ɗan maigari. Ya sauya sunaye, amma duk dattijon garin zai gane su wane ne. A 1948 kumandan na Madawa, Baturen mulki, ya nemi yaro daga gidan maigari. Aka ɓoye Kalla ɗan maigari cikin rumbu, aka ɗora Alhusaini bisa jaki.

Ya yi wa kansa alkawari ba zai kai labarin ga masu bugawa a Yamai ba sai Kalla ya yarda.

Ya iske shi ƙarƙashin iccen bedi yana tufkar igiya, idanunsa sun dushe, sarautar kuwa ta daɗe da komawa wani gida. Alhusaini ya tuɓe takalmi tun daga nesa, kamar yadda ubansa yake yi.

"Ɗan maƙeri, har yanzu kana warin gawayi?" in ji Kalla, yana matsa masa wuri bisa tabarma.

Kwana uku Alhusaini yana karanta masa da hantsi. Suka tuna kasuwar da ta tashi, da rijiyar da aka cike, da ƙarar uwar maƙera tun kafin rana ta fito. Da aka iso inda ɗan maigari ke dariya cikin rumbu don ya tsira, sai Kalla ya aje igiyar. Alhusaini ya dakata da karatun. Ya ce in abin ya sosa masa rai, zai cire babin duka.



"Ba dariya na yi ba, Mushe. Hitowa na yi, na bi jakinka da gudu har bakin kwari. Can anka kamo ni, baba ya zane ni. Ni ma so na yi in tahi."

Shekara arba'in da takwas Alhusaini bai san wannan ba.

"In gyara, ranka ya daɗe?"

"Gyara, ka kai musu. Kuma jakin baƙi ne, kai ka ce hwari."

Alhusaini ya ciro alƙalami, ya soma da jakin.