Ayisin da Ya Juya wa Sahu Baya

Shekara arba'in da biyu Ja'afaru Mai Rediyo ya yi a rumfa guda cikin kasuwar Talata Mafara, kuma ba a taɓa jin ya maida wa mutum rediyo ya ce ta gagare shi ba. Da ƙarfen liƙi irin na da yake aiki, wanda ake turawa cikin garwashi, don shi bai yarda ya zamna jiran a kawo wuta ba. To, tsufa da ya tashi zuwa sai ya shigo mishi ta hannun dama. In ya ɗauki kofin shayi sai ka ji cokali na kaɗawa a ciki.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, babban ɗanshi Sulaiman ya same shi a zaure. Sunka gaisa, anka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, sannan Sulaiman ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka huta hakanan. Murtala mai gyaran waya na neman wuri. Mu bar mishi rumfar."

"Wa ya ce maka na gaji?"

"Hannun ya ce, Baba. Kowa na gani."

Ja'afaru bai taɓa kiran sunan Sulaiman ba, ɗan fari ne. Ya dube shi ya ce, "Kai, tashi ka kira mani ƙanwarka. Ta zo da kwalin nan."

Ƙanwar ita ce Hafiza, malama ce a kwalejin kimiyya da fasaha ta garin. Kwalin kuwa labarinshi ya girme ta. Zamanin da ake ginin madatsar ruwa ta Bakolori, can wajen Maradun, Ja'afaru na cikin masu ja wayar wuta a gidajen ma'aikata. A nan ya ga wani injiniya Bature ya baje ƙananan kaya bisa teburi shina liƙa su a wani koren allo, da hannunshi. Da ya gama, lambobi shida jajaye sunka kama wuta. Ya ce wannan kwamfuta ce. Ja'afaru ya tsaya da tsani a kafaɗa har anka yi mishi tsawa ya koma aiki. Ya ba 'ya'yanshi labarin nan har sun haddace. Hafiza ce ta gano cewa akwai masu sha'awar tsofaffin na'urori da ke sake buga irin wancan allo sak, ta yi oda, ya yi sati shida a hanya.

Ta buɗe kwalin a gabansu. Allo ne tsirara mai ramuka kamar rariya, da ledoji cike da ƙananan kaya, da ayisi goma sha ɗaya, wato baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu jere gefe da gefe.

Ja'afaru ya ce, "Ka gani? Ramin ga ya fi na kowace rediyo ƙanƙanta. Ka ba ni Talata uku. In ta uku ta wuce hannun ga bai tada kwamfutar ga ba, ka zo ka amshi makulli."

"Baba, ni ba gardama na zo yi ba."

"Ni ita na zo yi."

Washegari ya goge bakin ƙarfenshi da magagari har ya koma kamar tsinin basilla. Ya cika wata tsohuwar safa da rairayi, ya aza tsintsiyar hannu a kai, sai rawar ta tsaya a gwiwar hannu ba ta kai yatsu ba. Daga fitowar rana zuwa hantsi yake aiki, lokacin hannun bai gaji ba. Ya ja numfashi ya riƙe, ya taɓa ƙarfe, ya taɓa dalma, ya ɗaga, sannan ya saki numfashin. Rami guda ke nan. Wata rana ya yi talatin, wata rana goma sha biyu ya ture kaskon garwashin ya zamna shina hararar hannunshi.

Hafiza ta zo da littafin bayanin da anka haɗo da shi, ta ce bari ta karanta mishi ta fassara.

"Aje shi can. Shekara arba'in ina gyara kayan Turawa, ban taɓa karanta takardarsu ba. Ga zane nan bisa allon, ina da ido."

Gaskiya ne, kowane abu an zana gurbinshi da farin fenti. Kowane ayisi na da ɗan gibi a kai guda, zanen ma da gibinshi. Da ya gama liƙa mazaunansu ya zo dasa su, sai ya lura goma duk gibinsu na duban hagu, guda ɗaya tak, can kusa da lambobin, an zana nashi shina duban dama. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Jama'a duk sun fuskanci gabas, kai kaɗai ka juya baya? A wane masallaci?"

Ya yanke cewa mai bugun allon ne ya yi kure. Ai ɗan Adam ne shi ma. Ya juya ayisin ya daidaita sahu, ya danna shi, ya ji daɗin ganinsu a jere. Bai gaya wa kowa ba.

Talata ta uku, kasuwa ta cika tun da hantsi. Sulaiman ya zo, Hafiza ta zo, Murtala ma ya baro teburinshi ya tsaya bakin rumfa hannu cikin aljihu. Maƙwabta masu sayar da batir da fitila sunka leƙo. Ja'afaru ya yi bisimilla ya haɗa waya da batir.

Ba abin da ya kama. Ya danna maɓallin tashi. Shiru. Sai wani ɗan ƙauri ya taso, irin wanda duk mai gyara ya sani.

Murtala ya ce, "Baba Ja'afaru, ko tuwo anka aza a ciki?"

Anka yi dariya. Ja'afaru bai ɗaga kai ba. Ya bi ayisin da bayan yatsa ɗaya bayan ɗaya, yadda yake wa rediyo in shina neman inda ciwo yake. Na goma sha ɗaya ya ƙone shi har ya fizge hannu. Ya cire wayar batir.

Hafiza ta sunkuyo ta duba, ta rage murya. "Baba, wanga a juye yake."

"Ni na juya shi."

"Don mi?"

"Ya fita sahu."

Ta ce, "Haka anka yi shi, Baba. Hanyoyin wutar ne sunka zo mishi ta can. Yanzu ya ƙone."

Sulaiman ya matso ya durƙusa. Ba da izgili ya yi magana ba, shi ya sa ma ta fi ciwo. "Baba, ka yi ƙoƙari, kowa ya shaida. Mu tahi gida."

Ja'afaru ya dubi Hafiza. "Ke, ɗauko mitarki ta gwada wuta. Bi liƙin nan ɗaya ɗaya, a gaban yayanki."

Ta bi su. Mita na ƙara, tana matsawa gaba, mutane sun yi tsit kamar ana rabon gado. Liƙi ɗari huɗu da 'yan kai, babu wanda ya saki, babu wanda ya taɓa maƙwabcinshi.

Ja'afaru ya juya ga Sulaiman. "To ka ji. Hannu ka kawo ƙara. Hannu bai yi laihi ba, kai ne ya yi."

"Baba, cewa ka yi za ka tada ta. Ba ta tashi ba. Wani ayisin kuma sai an yi sati shida."

Wannan gaskiya ce, kuma Ja'afaru bai saba musun gaskiya ba ko daga bakin ɗanshi ta fito. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Talata ba ta ƙare ba sai an kira magariba."

Ya zare mataccen ayisin ya sa aljihu, ya naɗe ƙarfen liƙi cikin tsumma, ya tsaida mai babur ya ce Bakura. Sulaiman na kira, bai waiwaya ba.

A Bakura akwai Gajere, abokin aikinshi tun zamanin madatsa, wanda yanzu ke sayen tsofaffin ƙarafa. Shekarun baya ya sayi akwatunan sarrafa injinan ban ruwa a gwanjo, sunka zamna a lungun gidanshi kaji na ƙwai a ciki. Ja'afaru ya yanke gaisuwa a tsakiya, abin da bai taɓa yi ba.

Gajere ya ce, "Kai, tsoho, ko mutuwa ta biyo ka? Ba ka tambayi iyali ba."

"Suna lahiya, na gani a tumbinka. Buɗe mani akwatunan nan."

Turanci bai iya ba, amma lamba ba ta ɓace mishi. Bakwai, huɗu, ɗaya, huɗu, biyar, haka ke rubuce a bayan mataccen. Sunka yi ta zaro alluna masu tsatsa da kashin kaji, Gajere na tsaki shina cewa an hana shi ƙailula saboda ƙwaro mai ƙafa goma sha shida. Sai bayan azahar, a akwati na huɗu, lambar ta fito.

Saura cirewa, kuma cirewa ta fi liƙawa wuya. Ƙafa goma sha shida ne a dasashe cikin tsohuwar dalma. In ka daɗe da zafi ka kashe shi, in ka ja da ƙarfi ƙafa ta karye. Ga shi ya baro safar rairayin a Mafara.

Gajere ya ce, "Kawo in riƙe maka hannun."

"In ka taɓa ni, aikin ya zama naka."

Ya tura ƙarfen cikin kaskon shayin Gajere. Ya kwanta rub da ciki a tsakar gida, tsoho mai shekara saba'in, ya binne gwiwar hannu cikin ƙasa, ya sa bututun biro a baki. Ya narkar da dalmar ƙafa guda, ya hure ta fita. Ya jira ta huce. Ya koma ta gaba. Matan gidan na leƙe ta bayan zana suna ƙunshe dariya. A ta goma sha uku hannun ya ƙwace, ƙarfen ya sauka kan babban yatsanshi na hagu, ya ji ƙaurin fatarshi. Bai tashi ba. Ya gama ukun da sunka rage, ayisin ya faɗo cikin tafinshi da ƙafafunshi cur.

La'asar sakaliya ya iso Mafara, riga duk ƙasa. Kasuwa ta fara watsewa, amma su Sulaiman na nan inda ya bar su. Ya zamna, ya miƙe ƙafafun ayisin da farce, ya tsaya.

"Ke. Ina gibin za shi duba?"

"Dama, Baba."

Ya dasa shi shina duban dama, shi kaɗai cikin 'yan uwanshi. Ya haɗa batir, ya danna maɓalli. Lambobi shida sunka kama, jajaye kamar garwashi. Ya aza bayan yatsa kan ayisin, ya ji shi da sanyi.

Mai sayar da fitila ya yi kabbara. Murtala ya leƙo ya ce, "To mi take yi?"

Hafiza ta buɗe littafin ta danna maɓallai na ɗan lokaci, lambobin sunka fara ƙirga kansu, ɗaya, biyu, uku.

"Shi ke nan? Ai ƙaramar wayata ta fi ta sau dubu."

"Kai ka haɗa wayar taka?"

Murtala ya yi 'yar dariya, ya sosa ƙeya, ya koma teburinshi.

Sulaiman na kallon ƙunar da ke yatsan ubanshi, ta riga ta tashi ta yi ruwa. Ya ce, "Baba, na ji. Amma zuwa yaushe?"

"Ranar da hannun ga ya kasa, ni zan kawo maka makullin har gida. Ba kai za ka gaya mani ba."

Ya kashe na'urar, ya zuba toka kan garwashi, ya jawo ƙofar rumfa. Sau uku makullin na kuskure ramin kwaɗo saboda rawar hannu. Sulaiman da Hafiza na tsaye a bayanshi, ba wanda ya miƙa hannu. A na huɗu ya shiga.